Rawani Da Riƙon Addini

Mabiya addinin Sik na ƙasar Indiya ba su mance da 1675 ba, shekarar da aka kashe shugabansu Guru Tegh Bahadur a Delhi, zamanin Sarki Aurangzeb. Sun ce don ya ƙi barin addininsa ne. Har yau suna riƙe da rawaninsu.

Mu ma mun ga irin wannan. Shehu Usmanu ya yi shekara biyar yana wa'azi a Zamfara. Sarkin Gobir Nafata ya hana rawani, ya umurci sababbin Musulmi su koma addinin iyayensu. Jama'a suka ƙi, har aka yi hijira zuwa Gudu a 1804.

To, 'yan'uwa na Talata Mafara, Bakura da Maradun, imani ba ya shiga da tilas, ba ya fita da tilas. Wanda ya musulunta, mu koya masa salla, mu riƙe shi ɗan'uwa.