Wa Ke Riƙe Da Makullin Kuɗinmu A Banki?

Duk ɗan kasuwar da ke tashi da asuba daga unguwar Boutalbagar ta birnin Njamena, ya tsallaka gadar Nguéli zuwa Kusuri don saro kaya, ya san zamani ya canja. A da muna ɗaure sefa a lalita mu ɗaura a ƙugu, muna tsoron 'yan fashi a hanya. Yau kuwa yawancin kuɗinmu suna cikin waya, a Airtel Money ko Moov Money, ko kuma a asusun banki. Sai dai tambayar da ba kasafai muke yi ba ita ce: a can cikin banki, wa ke riƙe da babban makullin da ke buɗe asusun kowa?

A kowane banki akwai wasu ma'aikata 'yan ƙalilan da ke da lambobin sirri na musamman. Mai irin wannan lamba yana iya buɗe sabon asusu, ya ƙara yawan kuɗin da za a iya cira a rana, ya kuma goge alamar abin da ya yi. Ke nan ɓarawon zamani ba ya buƙatar fasa ƙofa, abin da yake farauta shi ne wannan makulli.

Mun ga misali a kusa da mu. A Nuwamban 2022 kamfanin tsaron kwamfuta na Group-IB tare da masana na kamfanin Orange suka fallasa wani gungun ɓarayi masu jin Faransanci da aka laƙaba wa suna OPERA1ER. Daga 2018 zuwa 2022 sun kai hari fiye da sau 30 a kan bankuna da kamfanonin waya, ciki har da na Kamaru da Nijar da Nijeriya, suka sace aƙalla dalar Amurka miliyan 11. Dabararsu ita ce su aika wa ma'aikaci wasiƙar yaudara ta intanet, in ya buɗe sai su kutsa, su yi lamo watanni suna kallo har su sami lambar manya. Daga nan sai su zuba kuɗi cikin ɗaruruwan asusu, yaransu su kwashe a na'urorin cirar kuɗi, galibi a ranakun hutu. A 2023 aka kama wani da ake zargin jigo ne a cikinsu a Kwaddibuwa, da taimakon 'yan sandan duniya na Interpol. Haka ma a 2016 aka yi amfani da lambobin babban bankin Bangladesh aka sace dalar Amurka miliyan 81.

Wannan ne ya haifar da wata sana'a, wato injiniyan da ke tsaron manyan makullai. Aikinsa ya yi kama da abin da kowane maigida ya sani a kasuwa. Ba ka ba yaron shago makullin sito ya kwana da shi, ka ba shi ne in zai ɗauko kaya, ka karɓe in ya dawo. Haka injiniyan ke adana lambobin a wata ma'ajiya ta kwamfuta, ba ya bari kowa ya san su da ka. Wanda zai yi gyara sai ya nemi izini, a ba shi na sa'a ɗaya ko biyu, a naɗi duk abin da ya taɓa, da ya gama lambar ta canja da kanta. Babban aiki kuwa sai mutum biyu sun amince. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a ranar ake rufe ƙofarsa. Kamfanoni irin su CyberArk da BeyondTrust da Wallix na Faransa su ke ƙera waɗannan manhajoji, amma sai an sami mai amana da zai sarrafa su.

Ƙofar wannan sana'a a buɗe take ga 'ya'yanmu. Tun 2015 Chadi ta yi dokokin tsaron intanet, ta kafa hukumar ANSICE, akwai kuma makarantar ENASTIC da ke koyar da fasahar sadarwa a Njamena. A Nijeriya ma, tun 2018 Babban Banki ya wajabta wa bankuna naɗa shugaban tsaron bayanai. Yaro yakan fara ne da kula da kwamfutoci da hanyoyin sadarwa, sannan ya ƙware a fannin makullai. Babbar takardar shaida irin ta CISSP tana buƙatar shekara 5 ta aiki, don haka sai da haƙuri. Yaron da ya tashi da Hausa da Larabci da Faransanci, in ya ƙara Ingilishi, zai iya aiki daga Njamena har Duwala ko Legas.

Kafin nan, mu fara gyara daga gida. Da yawanmu mun ba yaran shago lambar sirrin wayarmu, wasu ma sun bar aiki ba mu canja ba. Mu canja ta yau, mu raba layin ciniki da na ajiya, kada kuma mu faɗa wa kowa lamba ta waya ko da ya ce daga banki yake. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a kasuwa.