Ƙafar maijego

A unguwannin arewacin Kano irin Bacirawa, akan ga maijego ko arba'in ba ta yi ba, silifas ya daina shiga ƙafarta. Tsofaffi su ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta. Wani ya ce tundurmi ne.

Tundurmi za a fara sallama. Tsutsar da sauro ke yaɗawa ce ke kawo shi, sai ya ɗauki shekaru, ya fi kama ƙafa ɗaya, fata ta yi kauri ta taurare. Wannan kuwa ƙafa biyu ne, cikin 'yan makonni. Danna babban yatsa a ƙwaurinta ka ɗaga, sai ka ga rami ya zauna, ya ƙi cikowa. Ruwa ne ke nan. Ƙoda tana iya jawo haka, amma nata kumburin yakan bayyana a fuska da safe. Sai a tambaye ta yadda take barci. In ta ce sai ta jingina da bango, don da ta kwanta numfashi yake sarƙewa, to zuciya ce ta gaza tura jini.

Saura dalili. A shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry a Zariya suka zargi kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta: gishirin kanwa yana riƙe ruwa, zafi yana ƙara wa zuciya aiki. Haka aka yi ta maimaitawa. Sai Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka sake bin sawu. A 2015 suka ga ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu wannan ciwon zuciya. Binciken da suka fitar a 2020 kuma bai kama kunun da laifi ba, rama da hawan jinin masu ciki ne suka fito fili.

Da yake ruwan a hankali yake taruwa, masu bincike suna gwada wata munduwa da ake ɗaurawa a idon sawu, tana auna kaurin ƙafa dare da rana, ta aika wa waya. Wasu na'urorin ɗan lantarki suke turawa wanda ba a ji, domin nama mai ruwa ya fi barinsa ya wuce. Yawancinsu dai suna matakin gwaji. Kafin su iso Bacirawa, tef ɗin tela zai rage hanya: a auna wuri ɗaya kowace safiya, in lamba tana hawa, ko haki ya shigo, a nemi mota zuwa asibiti.