Kada a Yi Gaggawar Rushe Gidan Gado

Wanda duk ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi ta Bakori bayan ɗaukewar ruwa zai ga katangun ƙasa da marka ta zaftare a tsofaffin unguwanni, kusa da su kuma tulin bulo ana jiran kuɗin masara. Hukuncin da magada suka saba yankewa ke nan: gidan ya tsufa, a rushe a zuba siminti. Ni kuwa ina ganin da yawa daga cikin gidajen nan sakaci ne ya ci su, ba tsufa ba.

Ginin ƙasa ba ginin wucin gadi ba ne. Hasumiyar Gobarau ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye a birnin Katsina. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu wajen shekarun 1830, masana gine-gine sun daɗe suna zuwa kallon bakan gizonsa. A Jamhuriyar Nijar, masallacin ƙasa na garin Yama da magini Falke Barmu ya gina ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Tubali ne da azara, irin waɗanda ke zauren kakanka. Bambancin kawai shi ne waɗancan suna da masu kula da su.

Gaskiya ne ƙasar nan tamu ta Funtuwa da Malumfashi ta fi Daura da Katsina samun ruwa, shi ya sa masara da auduga suke albarka a Ɗanja da Ƙafur da Dandume. Ruwan da ke raya gona kuwa shi ne babban abokin gabar soro. Ta sama yake shiga, in indararo ya toshe ko daɓen rufi ya tsage, ya riƙa tsatsafowa har ya ruɓar da kan azara. Ta ƙasa ma yana shiga, inda ya kwanta a gindin bango yana cinsa a hankali. Saboda haka mai gyaran da ya san abin da yake yi ba ya farawa da fenti ko sabuwar ƙofa. Rufi yake fara hawa, ya buɗe indararo, ya tsawaita shi yadda ruwan zai zuba nesa da bango, sannan ya sauko ya cike gindin katanga ya gyara magudana. In an ga dama a ɗora kwano a kan soron, babu laifi, muddin bakinsa ya fito sosai ya kare bango daga feshi.

Inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya shi ne filasta. Ɗa ya samu kuɗi a Kaduna ko Abuja, yana son ya kyautata wa tsohuwa, sai ya sa a shafe ɗakinta da siminti ciki da waje. Shekarar farko abin gwanin sha'awa. Amma bangon ƙasa yana shan danshi da damina ya fitar da shi da rani, siminti kuma ba ya barin danshin ya fita, ba ya kuma kama ƙasa da kyau. Ruwa ya samu 'yar tsaga ya shige baya, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata rana filastar ta ɓamɓaro da rabin bangon. Magabata da makuba suke yaɓe, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, masu hali kuma su yi laso, haɗin katsin marina da gashin awaki da dafara. Waɗannan suna korar ruwa ba tare da sun toshe bango ba. Wahalarsu ɗaya, sai an riƙa sabuntawa.

Azara ma a yi hattara da ita. Daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cinta ba, kuma ba ta ɗaukar nauyin rufi in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, dalilin da ya sa magina suka ƙware wajen ɗaurin guga da bakan gizo. Yau giginya ta yi ƙaranci. Kada a bar yara su faskara tsohuwar azara a hura wuta. Wadda ta yi shekaru a rufi ba ta ruɓe ba, ta fi katakon kasuwa.

Sai dai babbar matsalar ba ta gini ba ce. Gidan gado na kowa ne, don haka babu mai gyara shi. Wannan yana cewa ba zan zuba kuɗina a inda ba a raba ba, wancan yana Legas, mata sun yi aure, ga kuma iyalan da rashin tsaro ya tasa daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa suka bar gidajensu a rufe. Soron da ba a kwana a ciki, ba a hura wuta, ba mai ganin ɗigon farko, damina kaɗan ta ishe shi. Mafita ita ce a zauna gaban malami ko dattijan dangi, ko dai a raba gadon kowa ya san ɗakinsa, ko a rubuta yarjejeniyar abin da kowa zai riƙa bayarwa duk kaka. Buhun masara ɗai-ɗai daga 'yan'uwa zai gyara zaure bana, ɗakin tsohuwa baɗi, rumbu da katanga su biyo baya.

Ban ce kowane bango a riƙe shi ba. Wanda ya tsage tun daga tushe ko ya karkata, a sauke shi kafin Agusta, domin rushewar gini na kashe mutane kusan kowace damina, rai kuma ya fi tarihi. Sauran kuwa a riƙe su, domin wanda ya taɓa yin azahar ɗin watan Afrilu a ɗakin bulo da kwano ya san darajar sanyin soro.

Jama'a, lokacin aikin shi ne daga ƙarshen kaka zuwa bazara. Ku nemi tsofaffin maginan unguwarku tun suna raye, ku biya su hakkinsu, ku kuma tura yaranku su riƙe musu kwarya su ga yadda ake yi.