Idan Rumbun Ajiyar Ƙungiya Ya Ƙi Buɗuwa Daga Gida

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako, don wanda shirin ya wuce shi yana daji da dabbobi ko yana kan hanya da kaya.

Tun da yaƙi ya isa Wad Madani a Disambar 2023, ya kuma isa Sinja a ƙarshen Yunin 2024, mutane da yawa sun bar shaguna da littattafan bashi a baya. Wannan ya sa ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu haɗa jari, daga ƙauyukan Jazira zuwa Mai Wurno da Damazin, suka koma ajiye lissafi a wuri ɗaya da kowa zai iya leƙawa: jerin masu bashi, rasit ɗin riɗi da dawa da ƙaro, hoton takardar rigakafin dabbobi. Wannan wurin shi muke kira rumbun ajiya. To, sai ranar da kake buƙatarsa, mai saye yana tsaye yana jira, ka kunna kwamfutar gida ya ƙi buɗuwa. Me za ka yi?

Abu na farko, ɗan'uwa, kada ka goge komai, kada kuma ka bari wani ya ce zai wanke maka kwamfutar ya sake zuba mata sabon tsari. Yawanci takardunka suna nan lafiya lau, hanyar zuwa gare su ce ta toshe. Ka bi hanyar daga inda kake zaune zuwa inda rumbun yake, mataki bayan mataki.

Wane irin rumbu ne naku?

Iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ke wahalar da mutane. Na farko yana zaune a cikin wata kwamfuta ko akwatin ajiya a shagon ƙungiya. Na biyu yana kan intanet, irin su Google Drive. Ka duba adireshin da aka ba ka. In ka ga lambobi ne da suka fara da 192.168, to wannan adireshin cikin gida ne, yana aiki ne kawai idan kai da rumbun kuna kan rauta ɗaya, wato na'urar nan mai raba intanet a shagon. Kamar a ce maka "ɗaki na uku hannun dama" ne ba a faɗa maka gidan wa ba. Kana Mai Wurno, rumbu yana kasuwar Sinnar, wannan adireshin ba zai kai ka ba ko da shabaka ta cika fal, sai in wanda ya haɗa muku ya buɗe wata hanya ta musamman daga waje. Ka tambaye shi ko ya yi hakan.

Mataki na ɗaya: intanet ɗinka

Kafin ka zargi rumbu, buɗe wani shafi daban, ko ka aika saƙo ta WhatsApp ka ga ko ya tafi. Alamar waifai na iya nuna ka haɗu da waya ko rauta alhali data ta ƙare. In babu abin da ke buɗuwa, matsalar daga wajenka take ko daga layin gaba ɗaya. Kowa ya tuna farkon Fabrairun 2024, lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a mafi yawan ƙasar, aka yi makonni har Bankak ba ya aiki ga mutane da dama. A irin wannan ranar babu gyaran da za ka yi a kwamfuta. Ka tambayi maƙwabci mai wani layin daban. In nasa yana yi, ka roƙe shi ya haɗa ka na ɗan lokaci.

Mataki na biyu: wuta a can ɗaya ɓangaren

Rumbun da ke shago yana buƙatar wuta, shi da rautarsa. An ɗauke wuta, ko batirin sola ya yi sanyi bayan magariba, ko yaron shago ya kashe komai ya kulle ya tafi: rumbu ya rufe ke nan. Kira ɗaya ya isa ka sani. Akwai kuma wani abu da ke biyo bayan ɗaukewar wuta. Idan rauta ta sake tashi, tana iya raba wa na'urori sababbin lambobi, rumbun da jiya yake lamba 5 a ƙarshen adireshi yau ya koma 8. Kai kuma kana ta ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Maganinsa, mai haɗa muku ya kafe wa rumbun lamba ɗaya da ba ta canzawa.

In kuwa kana cikin shagon, kan rauta ɗaya, kuma Windows ta ƙi nuna rumbun, duba yadda ta ɗauki haɗin. Idan ta sa shi a matsayin na jama'a, tana rufe musayar fayil don tsaro. A mayar da shi na gida, amma a shagonku kawai, ba a wurin sayar da intanet ba.

Mataki na uku: kwanan wata

Wannan ƙaramin abu ne da ke rikita manya. A cikin kwamfutar tebur akwai ɗan batir kamar kwabo, CR2032, shi ke riƙe agogo idan babu wuta. In ya mutu, kwamfuta ta koma wata tsohuwar shekara, shafukan da ke da tsaro kuma su ƙi buɗuwa, domin takardar shaidarsu tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Ka dubi kusurwar allo, ka gyara rana da wata da shekara. Ka lura da sa'a ma. Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya a ranar 1 ga Nuwamba 2017, don haka Habasha tana gabanmu da awa guda. Masu zirga-zirga ta Kurmuk ko Gaisan ko Galabat, in kun saba gyara agogon kwamfuta da hannu, sai a kasa gane wane lissafi ne na baya-bayan nan. Ku zaɓi lokacin Khartum a cikin saiti ku bar shi haka.

Mataki na huɗu: mabuɗi da izini

Rumbu ya nuna fuskarsa amma ya ce ba ka da izini? Duba da wane asusun imel ka shiga. Sau da yawa yaro ya taɓa kwamfutar ya shiga da nasa, alhali naka aka ba izini. In kalmar sirri ce take ƙi, duba ko allon rubutu yana kan Larabci ko boko, da kuma manya da ƙananan baƙaƙe. Kada ka yi ta gwadawa ba iyaka, ana iya kulle asusun na wani lokaci.

Ga wadda ta fi cin 'yan bakin iyaka. Idan ka shiga daga sabuwar na'ura ko sabon wuri, Google kan aika lamba zuwa layinka don ya tabbatar kai ne. Layinka na Sudan ne, mai farawa da 249, kai kuma ka tsallaka inda ba ya kamawa, ko sim ɗin ya ɓace a gudun hijira. Lambar ba za ta iso ba. Tun kana gida, shiga sashen tsaro na asusunka ka fitar da lambobin ajiya. Guda 10 ake bayarwa, kowace ana amfani da ita sau ɗaya. Rubuta su a takarda ka adana tare da takardar shaidarka. Kuma ka ji wannan da kyau: duk wanda ya kira ka ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, ko ya ce shi mai gyara ne, ɓarawo ne. Kashe wayar.

Mataki na biyar: rumbu ya cika

Wani lokaci kana iya buɗewa amma sabon rasit ya ƙi shiga. Asusun Google na kyauta gigabait 15 ne, kuma imel da hotuna da Drive duk daga ciki suke ci. Daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma ta shiga lissafin. Bidiyon biki da na wa'azi ake fara ragewa, ba takardun ciniki ba. Ka tuna abin da aka goge a foldar tarayya yana iya ɓace wa kowa. In kuskure ya faru, mai fayil ɗin ya duba kwandon shara da wuri, kwana 30 kawai abu ke zama a can. Asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba kuma, Google ya ce yana iya goge shi, don haka wanda ya buɗe wa ƙungiya asusu kada ya yi watsi da shi.

Kafin ka kama hanya

Makiyayi ba ya dogara da rijiya ɗaya. Takardun da za a tambaye ka a shinge ko a kasuwar dabbobi, ka sauke su a wayarka tun akwai shabaka, ka gwada buɗe su da data a kashe. Ka zuba wani kwafi a filashi ko memori, ka kuma riƙe na takarda a leda. Mutum biyu amintattu su san mabuɗin rumbun ƙungiya, kada ya zama sai mutum ɗaya. In ka shiga asusunka a kwamfutar wani, ko a wuraren da ake sayar da intanet na Starlink da awa, ka fita daga asusun kafin ka tashi, kada ka yarda na'urar ta riƙe kalmar sirrinka.

Idan ka bi matakan nan biyar bai buɗu ba, ɗauki hoton saƙon da ya fito a allo ka aika wa wanda ya haɗa muku, ka faɗa masa abin da ka riga ka gwada. Hakan zai rage masa aiki, kai ma ya rage maka kuɗin mota.

Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Allah ya tsare hanya, ya albarkaci garke da kasuwa, ya ba ƙasa zaman lafiya.