Saƙar safa da hannu: inji ya karɓe kasuwa, amma tsinke bai faɗi ba

Da zarar watan Disamba ya kama, iskar jaura ta taso, sai kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa su canza kama. Ƴan gwanjo su baza rigunan sanyi, masu tebur su rataya huluna da safa iri-iri, kowa ya zaɓa da ƴan kuɗi kaɗan. Duk da wannan araha, har yanzu a cikin gidaje da wuraren koyon sana'a na mata ana samun wadda za ta zauna da dunƙulen zare a cinya, da tsinkaye a hannu, ta kwashe kwana da kwanaki tana saƙa abin da za ta iya saye cikin minti guda a bakin hanya. Wanda bai san aikin ba yakan ɗauka ɓata lokaci ne. Alhali kuwa shekara fiye da 400 ke nan da aka ƙera injin saƙa safa, amma mutane a ƙasashe da dama sun ƙi ajiye tsinke. Lalle akwai dalili.

Yadda ake gina safa

A Hausa kalmar saƙa ta haɗa ayyuka da yawa. Akwai ta masaƙa, wadda ake giciye zaren tsaye da na kwance. Akwai kwarashi, wanda ake yi da tsinke guda mai ƙugiya. Sannan akwai wadda ake kira tiriko da Faransanci, inda zare ɗaya tilo ke tafiya daga farko har ƙarshe, ana cusa shi cikin kansa, ana fitar da ƙananan idanu kamar na raga, kowane ido yana riƙe da ɗan'uwansa. Wannan ne ya sa saƙar tiriko ke miƙewa ta kuma koma, shi ne kuma ya sa ido ɗaya in ya kuɓuce, layi guda yakan warware.

Safa ita ce jarrabawar mai wannan saƙa. Mayafin wuya shimfiɗe yake, hula zagaye ce kawai, amma ƙafar ɗan Adam tana da lanƙwasa. Ana ɗaukar gajerun tsinkaye 4 ko 5 masu tsini ta kowane gefe, a ɗora idanu wajen 60 zuwa 64 in zaren siriri ne kuma ƙafar babban mutum ce, sai a riƙa zagayawa. Ana farawa da bakin safa, a yi masa saƙa mai tsagi-tsagi domin ya kama ƙwauri kada ya zame. Idan aka sauko wajen idon sawu, sai a raba idanun gida biyu. Rabi ya jira, rabi kuma a yi ta kai da komo a kansa har ya zama ɗan kyalle da zai rufe bayan dunduniya. Daga nan a riƙa taƙaita layuka, ana juyowa kafin a kai ƙarshe, har saƙar ta yi ɗan kurmi ta karkata da kanta. Sai a tsinto idanu daga gefen kyallen nan, a sake haɗa zagayen, a rage kaɗan-kaɗan har lissafi ya koma yadda aka fara, a miƙe zuwa yatsu a rufe.

Safar babban mutum, ƙafa biyu, takan ci zare giram 100, watau tsawon mita 400 ko kusa da haka, da idanu tsakanin 25.000 da 35.000. Mai matsakaicin sauri takan yi awa 20 a kai. In kuwa aka yi kuskure a dunduniya, babu makawa sai an warware an sake. A nan saƙa da warwara ba karin magana ba ne, aikin yau da kullum ne.

Asalinta a Masar

Mutane da yawa na ɗauka Nasara ne suka ƙago wannan saƙa, tun da a hannunsu da makarantunsu aka fi ganinta. Tsofaffin shaidun da ake da su kuwa daga Afirka suka fito. A wani gidan ajiyar kayan tarihi na birnin Landan, mai suna Victoria and Albert, akwai jar safa ta gashin tumaki da aka tono a Masar, wadda aka yi tsakanin shekara ta 250 da ta 420 miladiyya. An raba mata wajen babban yatsa daban domin a sa ta da takalmin fade. Ita da allura guda aka yi ta, ana ɗaura gajerun zaruruwa. Saƙar tsinkaye irin ta yau kuwa, mafi tsufan abin da aka samu nata safa ce ta auduga, fari da shuɗin baba, daga Masar ta zamanin Musulunci, wajen ƙarni na 11 zuwa na 13. An ƙawata su da zane mai kyau, wasu har da rubutun Larabci, abin da ke nuna cewa sana'ar ta riga ta nuna tun kafin lokacin.

Daga hannun Musulmi ta ƙetara zuwa Turai. A ƙasar Sifen, cikin kabarin wani ɗan sarki da ya rasu a 1275, an sami matashin kai na siliki da aka saƙa da tsinke, an zagaye gefensa da kalmar "baraka" da baƙaƙen Larabci. Bayan wannan sai ta bazu, har maza suka kafa ƙungiyoyin masu saƙa a biranen Faransa da Jamus, inda yaro kan yi shekaru yana koyo kafin a kira shi gwani.

Da inji ya zo

A 1589 wani mutumin Ingila mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa a ƙauyen Calverton, kusa da Nottingham. Da bai sami goyon bayan sarautar ƙasarsa ba, sai ya kwashe injunansa ya koma birnin Rouen na Faransa. Sannu a hankali inji ya yi ta cin kasuwa. A 1811, a yankin Nottingham ɗin nan, ma'aikatan safa suka tashi suna farfasa injuna, sabili da masu jari sun karya ladan aiki, suna fitar da kaya marasa aminci. A Faransa birnin Troyes ne ya zama cibiyar masana'antun safa da rigunan tiriko. A wannan ƙarni kuma ragamar ta koma ƙasar Sin, inda aka ƙiyasta cewa gari guda, Datang, a lardin Zhejiang, yana fitar da kusan kashi ɗaya cikin uku na safar duniya.

Amma ko a zamanin inji, akwai ranar da aka koma ga hannu. A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, sojoji sun yi watanni cikin ramuka masu ruwa da taɓo, ƙafafunsu na ruɓewa. Busasshiyar safa ta zama magani. Mata da yara, har da tsofaffin maza, suka duƙufa da saƙa, ƙasar Ostareliya kaɗai ta aika da fiye da miliyan guda. Sojojin da Faransa ta ɗiba daga Afirka ta Yamma sun ɗanɗani wannan azaba fiye da kowa. A farmakin Chemin des Dames na watan Afrilun 1917, da yawa daga cikinsu sanyi ne ya daskarar musu da ƙafafu da hannuwa, har suka kasa riƙe bindiga.

Abin da masu saƙa ke nema

Tun da inji ya fi sauri ya kuma fi araha, a ƙasashen Turai da Amurka saƙar hannu ta tashi daga neman abinci ta koma abin sha'awa. Can wanda ya sayi zaren safa mai kyau, wanda galibi kashi 75 cikin 100 gashin tumaki ne, kashi 25 nailan domin ƙarfi, yakan biya fiye da kuɗin safar kanti. Saboda haka ba riba suke bi ba.

Abu na farko da suke samu shi ne awo. Inji yana saƙa wa kowa da kowa, hannu kuwa yana saƙa wa mutum guda. Mai faɗin ƙafa, da tsoho mai kumburin sawu wanda robar safar kanti ke shata masa zobe a ƙwauri, duk ana iya yi musu daidai da su. Na biyu shi ne gyara. Wadda ta gina dunduniya ta san yadda za ta sake ta idan ta huje, ba sai an yar da safar ba. Na uku shi ne natsuwa. A 2013 wata mujallar masana lafiya ta Ingila ta buga sakamakon tambayoyin da aka yi wa masu saƙa fiye da 3.500 daga ƙasashe daban-daban, akasarinsu suka ce aikin yana kwantar musu da hankali. A 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida, da yawa sun koma ga tsinke da zare.

Kuma ba aikin mata kaɗai ba ne. A wasannin Olimpik na Tokyo a 2021, duniya ta ga Tom Daley, ɗan wasan tsunduma ruwa na Birtaniya, zaune cikin ƴan kallo yana saƙa, har ya yi wa lambar zinariyar da ya ci ƴar jaka. A tsibirin Taquile na ƙasar Peru maza ne ke saƙa huluna tun suna yara, kuma a 2005 hukumar UNESCO ta sa sana'ar tufafin tsibirin cikin manyan al'adun duniya. Ƙasar da maza ke saƙa zane, suke ɗinkin hula da aikin wuyan riga, bai kamata wannan ya zama abin mamaki a cikinta ba.

Inda ta fi amfani a nan gida

A Nijar zare shi ne babbar matsala. Galibin tumakin ƙasar nan, irin su uda da balami, ba su da gashin da ake kaɗawa. Tumaki masu irin wannan gashi, waɗanda ake kira kundum, sai a bakin kogin Kwara cikin jihar Tilaberi, kuma sun yi ƙaranci. Zaren da ke kasuwa yawanci na roba ne da ake shigowa da shi. Shi ya sa lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, zare ya bi sauran kayan waje ya yi tsada. Amma mai dabara ba ta rasa hanya. Tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo, in an warware ta, an wanke zaren an shanya, takan ba da safar yara da huluna masu yawa. Wayar ƙafar keke, in an yanke an goge bakinta, takan zama tsinke.

Wanda ya fi kowa bukatar wannan aiki shi ne jariri. Da asubar hunturu awon zafi yakan sauka ƙasa da 15 a Maraɗi da Damagaram, a Agadas da Bilma kuwa ɗarin ya fi haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jaririn da zafin jikinsa ya gaza 36,5 ya shiga sanyi mai bukatar kulawa, kuma bakwaini da ƙaramin jariri su ne suka fi shiga haɗari, domin ba su da kitsen da zai riƙe musu ɗumi. Kan jariri babba ne in an gwada da jikinsa, ta nan zafi mai yawa ke fita. Akwai wata hanyar renon bakwaini da aka fara a birnin Bogota na Kolombiya a 1978, inda uwa ke ɗaure jaririnta a ƙirji, fata na taɓa fata. A wannan hanya ba a sa wa jaririn komai sai ƙunzugu da hula da safa. Safar kanti kuwa ba kasafai ake samun ta ƙafar bakwaini ba, alhali mai tsinke za ta iya gama ta cikin yini guda da ragowar zare.

Sai dai akwai hattara guda biyu. Kafin a sa wa jariri safa a juya cikinta a duba, domin sakakken zare yana iya naɗe ɗan yatsa ya hana jini gudu. Sannan zaren roba ba ya shiri da wuta, narkewa yake ya manne a fata, don haka a nisanta yaro daga kaskon garwashi, wanda dama shi ne sanadin gobara da yawa a lokacin ɗari.

Mai son koyo kada ta fara da safar babba. Ta fara da ɗan kyalle mai ido 20 har hannunta ya faɗa, sannan hula, sannan safar jariri, wadda ke da dunduniya kamar ta manya amma kuskurenta bai fi warwarar minti 10 ba. Sannu ba ta hana zuwa. Wannan sana'a da ido ake ɗaukarta, a gefen wadda ta iya, kuma a unguwanni da yawa akwai wata dattijuwa da ta koya tun tana ƴar makaranta, tsinkayenta na ajiye cikin kwalla. Gara a je a gaishe ta da dunƙulen zare tun kafin jaura ta taso.