Motar Iyali Mai Kujeru Bakwai da Gubar da Hanci Ba Ya Ji

A shekarar 1983 ne kamfanin Chrysler na Amurka ya fara ƙera wata irin mota wadda ta fi motar shiga ɗaukar mutane, amma ba ta kai bas girma ba. Kamfanin Renault na Faransa ya biyo baya da Espace a 1984, sannan Opel ya fito da Zafira a 1999, ƙaramar mota mai kujeru bakwai. Magidanta sun karɓi irin waɗannan motoci hannu bibbiyu, domin suna kai yara makaranta cikin gari, kuma suna kwashe iyali gaba ɗaya zuwa garinsu lokacin Salla. Sai dai a ƙirarsu akwai wani abu da ya kamata duk mai shigarsu ya sani.

Ɗaki guda ne

A motar shiga ta gargajiya, akwai shamaki tsakanin but da mazaunin fasinja. A motar iyali kuwa babu wannan shamaki. Daga sitiyari har ƙofar baya ɗaki guda ne, kuma kujerun ƙarshe, inda aka saba zaunar da yara, su ne mafi kusa da bakin salansa. Haka nan bayan motar a miƙe yake kamar bango. Yayin da take gudu, ƙarfin matsin iska yakan ragu a bayanta, sai iskar ta riƙa juyawa tana komowa jikin ƙofar. Ɗalibi zai iya ganin shaidar haka a hanyar da ba ta da kwalta: gilashin baya ya fi kowane gilashi tara ƙura. Yadda ƙura take komowa, haka hayaƙi yake yi. Saboda haka idan kaya suka yi yawa aka bar ƙofar baya a buɗe, aka ɗaure ta da igiya, to an buɗe wa hayaƙi hanya zuwa hancin yara.

Yadda gubar take aiki

Idan fetur bai ƙone sarai ba, yakan haifar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogulobin, wanda aikinsa shi ne ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Tun a 1857 masanin nan na Faransa, Claude Bernard, ya bayyana cewa wannan iska tana hana jini ɗaukar oksijin. Daga baya aka gano cewa tana manne wa himogulobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Ke nan ko kaɗan ce a cikin mota, za ta yi ta taruwa a jini muddin ana shaƙarta, kuma tafiya irin ta Kano zuwa Maiduguri, mai fiye da kilomita 500, tana ba ta isasshen lokaci.

Ƙwaƙwalwa da zuciya ne suke fara jin jiki. Alamomin farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, sannan barci mai nauyi, daga nan sai suma. Babban haɗarin shi ne waɗannan alamomi sun yi kama da gajiyar tafiya ko farkon zazzaɓi. Yara sun fi manya saurin kamuwa domin sun fi su saurin numfashi, haka ma ɗan tayin da yake cikin mahaifa. Idan kuwa direba ne gubar ta kama, hankalinsa yakan dushe alhali sitiyari yana hannunsa.

Rigakafi

Da farko, a rufe ƙofar baya ruf, a ɗora rarar kaya a saman mota. Na biyu, kafin doguwar tafiya a sa makanike ya duba ko salansa ta huje, da kuma robar da take kewaye da ƙofar baya. Na uku, kada a yarda a cire na'urar tace hayaƙi da take jikin salansa, wadda makanikai suke kira "indomi". Aikinta shi ne mayar da yawancin wannan guba zuwa kabon dayoksaid, amma akan cire ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da suke cikinta. Na huɗu, kada kowa ya kwanta cikin mota injin yana aiki don shan sanyin iyakwandishan, musamman a garejin da yake rufe.

Idan mutum biyu ko uku suka yi kukan ciwon kai a lokaci guda, a tsaya, a kashe injin, kowa ya fito sarari, sannan a nufi asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi. A iskar waje, sai an yi kimanin awa 4 zuwa 6 kafin rabin gubar ya bar jini, amma da tsantsar oksijin ta asibiti, awa ɗaya da 'yan mintoci sun isa. Yaron da ya yi shiru a kujerar ƙarshe, wajibi ne a riƙa waiwayarsa, a tabbatar barci ne yake yi.