Zubi da Salon Sarrafa Harshe a Waƙar Bagauda

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da Mervyn Hiskett ya fito da Waƙar Bagauda daga rubutun ajami a shekarun 1964 da 1965, manazarta sun fi ɗaukar ta a matsayin rumbun tarihi. Sukan jera ta da Tarihin Kano da Palmer ya buga a 1908, su nemi inda suka saɓa. Wannan maƙala tana ganin an tauye waƙar, domin tsarinta na da abin faɗa wanda jerin sunaye kaɗai ba ya faɗa.

2.0 Zubi da Tsari

Waƙar ta buɗe da yabon Ubangiji da salatin Annabi, kamar sauran waƙoƙin malamai. Daga nan ta shiga asalin Kano, ta jero sarakuna da shekarun da kowane ya yi, sannan ta gangara cikin wa'azi. Ba mutum ɗaya ya gama ta ba: an riƙa ƙara mata baitoci yayin da sababbin sarakuna suka hau. Zubin ne ya ba da wannan dama, don kowane sarki gurbi guda yake cikewa, kuma ana iya ɗora wani a bayansa ba tare da an rushe na gaba ba.

3.0 Salo

Babbar dabarar waƙar ita ce maimaitawa. Suna, yawan shekaru, sai a wuce. Mai karatu da ido yakan ƙosa, amma mai saurare da kunne yana jin wani abu daban: kowane ambato shelar mutuwa ce. Kafin a kai ga wa'azin, lissafin ya riga ya kafa hujjarsa. Saboda haka muke ganin kuskure ne a raba waƙar gida biyu, a ce nan tarihi, can gargaɗi. Jigon ɗaya ne, wato ƙarewar mulki.

A wajen asali ne mawaƙin ya saki harshe. Ya zana Kano a matsayin dokar daji mai namu, ya kawo Bagauda maharbi daga Gaya yana yin saran farko. Tarihin Kano kuwa ya ce ya tarar da mutanen Barbushe a Dala. Saran daji a nan alamtarwa ce: wanda ya fara sara shi ke da ƙasa.

Haka kuma jihadin da ya kawar da Alwali bai canza zubin ba. Sarakunan Fulani sun bi layi ɗaya da na Haɓe. Mu da aiki ya kawo Abuja mun san nauyin wannan, domin a Suleja zuriyar Abu Ja, wanda ya kafa garin a 1828, suna ƙirga asalinsu ne tun daga Zazzau, ba daga ranar ƙaura ba.